Hannun da ya kasa riƙe kofi

Yau da asuba ina aikin dare a ɗakin maza na asibiti nan Zariya, wani dattijo da aka kwantar jiya ya roƙe ni ruwa. Na miƙa masa kofi, hannunsa na kakkarwa har ya jiƙa zanin gado, ga gumi duk da sanyin nan. A hankali na ce, "Baba, yaushe rabonka da giya?" Ya sunkuyar da kai: "Jiya da safe, 'yata. Da kwalba ɗaya ke isata, ta koma uku, yanzu in ban sha ba ko mazagin wando ba na iya ɗaurewa."

Nan take na kira likita, don in wanda ya saba da giya ya daina sha farat ɗaya, tsakanin awa 48 zuwa 72 ruɗewa da gane-gane kan taso. Na dawo gida ina ta tunanin shekarun da ya yi a kan kwalba ɗaya, ba wanda ya tambaye shi.