Hoton Muze

Asabar, bayan isha'i.

Tun asuba hazo ya lulluɓe Damagaram, ko duwatsun Birni ba a hangowa daga ƙofar gida. Na yi niyyar leƙawa kasuwar Dole in sayo wa yara rigunan sanyi, sai ga aike daga Inna, wai in zo yanzu-yanzu, gara ta shiga ɗakin marigayi Baba. Kiran Inna ba a ce masa "sai an jima", na saɓa babur na tafi.

Garar ba ta yi wata ɓarna ba, tabarma ɗaya ta ci da gindin buhu. Amma tunda an ɗaga kaya, Inna ta ce a buɗe akwatin ƙarfen nan da ba a taɓa ba tun rasuwarsa. Takardun lanho, tsohon carbi, kwalbar turare da ta bushe. A can ƙasa, cikin wani ambulan, sai ga hoto. Ya koɗe, launinsa ya koma ja-ja kamar an jiƙa shi a ruwan goro. Ni ne tsaye, kai aske ƙwal, sanye da rigar Sallah da ta fi ƙarfina, Kawu ya dafa kafaɗata. A baya an rubuta da biro: Yamai, Muze, 1986.

Zama na yi a ƙasa. Inna tana ta magana, ban san me take cewa ba.

Shekarata goma a lokacin, ban taɓa wuce Mirriya ba. Kawu yana aiki a Yamai, ya zo ganin gida, ya roƙi Baba ya ba shi aron ni na hutun lakwal. Kusan kilomita 900 a kar, Maradi, Konni, Dogon Dutsi, Doso, na yi barci na farka har na gaji da tambayar ko mun iso. Duk wannan ya bi ruwa. Ranar da muka je Muze, gidan tarihin ƙasa da ke Yamai, ce kaɗai ta zauna daram.

Abin da ya fara kama idona ba dabba ba ce, gine-ginen ne. Fari da shuɗi, da zane a jikin bango irin na gidajen Birni. Na ce wa Kawu, "Kawu, ai wannan irin namu ne." Ya yi dariya ya ce to da na wa nake zato? A 1959 aka kafa wurin, ana saura shekara ɗaya a samu 'yancin kai, kuma daga baya aka sa masa sunan Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki kuma ya yi ta rubutu a kan tarihin ƙasar nan. Mu dai Muze muka sani, har gobe kuma haka kowa ke cewa. Gidan tarihi ne, gidan namun daji ne, kuma filin yawon yara ne, duk a shinge ɗaya kusa da kogin Kwara.

Zaki ya ba ni kunya, barci kawai yake, ƙuda na yawo a hancinsa. Kura kuwa warinta ya riga ta isowa. Dorina ce ta gama da ni. Mun daɗe a bakin ruwan ba a ganin komai sai 'yan kunnuwa biyu da hanci, har na fara cewa mu tafi. Sai ta ɗago ta wangale baki. Wallahi na ga cikinsa ja-jawur, haƙora kamar taɓare, na saki alewar dala biyar da Kawu ya saya mini ta faɗi cikin ƙasa. Ban yi kuka ba sai da muka yi nisa, kuma kukan alewar ne, ba na tsoro ba. Haka dai na gaya wa Kawu.

Daga nan ya kai ni wurin ƙasusuwan dinozor da aka tono a Gadufawa, cikin hamada, wajen Agadas. Ya ce dabbar ta rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin yake da koguna da kadoji. Na gyaɗa kai don ladabi, amma a raina cewa na yi raƙumin aljanu ne. Sai kuma itacen Tenere a cikin rumfarsa: busasshen itacen ƙaya, wanda da a ce a bayan gidanmu yake da tuni Inna ta hura wuta da shi. Shi kaɗai ne ya tsaya a tsakiyar hamada, kusan kilomita 400 babu wani, ayarin gishiri na Bilma suna gane hanya da shi, har wani direban babbar mota ya banke shi a 1973. Duk faɗin Tenere, mutum ya rasa abin da zai buga sai itace ɗaya tilo! Har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Da la'asar Yaya ya shigo gaida Inna, na miƙa masa hoton. Na ce ai wancan lokacin ne Muze yake Muze. Ya taɓe baki.

"Kai ka ga me? Mu da muka je da 'yan lakwal ɗinmu, itacen bai daɗe da zuwa ba. Lokacin maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna zaune a rumfuna, kana tsaye ana ƙera maka abu. Ku ai saura kuka tarar."

"Haba Yaya, ai ni ma na tarar da su. Har jakar fata Kawu ya sayo wa Inna."

"Jakar da aka ɗinka a nan Damagaram, aka kai Yamai, kuka biya kuɗin mota kuka maido ta gida."

Inna ta yi dariya har da tari. Ta ce ita dai ba wanda ya taɓa kai ta, labari kawai take sha shekara da shekaru, kuma kullum dorinar ƙara girma take. Wannan ta soke ni, don gaskiya ce. Kuma ban faɗa musu ba, amma tun bayan rasuwar Kawu na je Yamai ya fi a ƙirga, na sha wucewa ta bakin ƙofar Muze a taksi, ban taɓa cewa direba ya tsaya ba. Kullum da uzurina: rana ta yi, ana jirana, sai wani zuwan.

Bayan magariba na ɗauki hoton a waya na tura wa ɗiyata da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni. Na haɗa da doguwar murya, ina ba ta labarin dorina da alewa. Ta ce su ma sun je da ƙawayenta a Sallar da ta wuce, cinkoso har ba wurin sa ƙafa, sun sha hotuna, kuma a ganinta yanzu ne wurin ya fi armashi. Ban ja da ita ba, na gaji da gardamar Yaya.

Can sai ga wani saƙon: "Baba, na gane Kawu. Amma wane ne wannan yaron mai manyan kunnuwa?"

Ban ba ta amsa ba tukuna. Hoton yana nan kan tebur, na ɗora masa kofi don iska. Rigunan sanyi kuma sai gobe in Allah ya kai mu.