Landirobar Baba da aikin ranar Asabar

Ina da ƙaramin gareji a Kaduna, mai rami ɗaya da yara huɗu, kuma abin da ke ciyar da mu daga Litinin zuwa Juma'a shi ne juyen baƙin mai da gyaran birki da kulochi na motocin zamani. Ranar Asabar kuwa ta Landiroba ce. Motar marigayi mahaifinmu ce, samfurin Series III ƙirar 1974, gajeriyar nan mai tazarar inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, wadda ya saya a gwanjo. Bayan rasuwarsa ta shekara tara a gindin darbejiya, kaji na ƙwai a bayanta, har 'yan gwangwan suka fara zuwa tayi. Yayarmu ce ta ce muddin tana raye ba za a ɗora motar Baba a sikeli ba, kuma tunda ni ne bakanike a gidan, sai nauyin ya faɗo kaina.

Abin da ke yaudarar mutane game da wannan mota shi ne bodinta. Tun da aka fara ƙera ta a Solihull ta ƙasar Ingila a 1948, lokacin da ƙarfe ya yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da alminiyam ake yin jikinta, shi ya sa za ka ga mota ta haura shekara hamsin amma ƙofofinta ba su yi jar tsatsa ba. Shasin da ke ɗauke da ita kuwa ƙarfe ne mai rami a ciki, laka da ruwa suna shiga su kwanta, su ci shi daga ciki ba tare da ido ya gani ba. Saboda haka ba na duba fenti; guduma nake ɗauka in shiga rami ina ƙwanƙwasawa. Inda ƙarfe ke da rai zai amsa da ƙara mai kaifi, inda ya mutu kuwa sai ka ji kamar ka bugi busasshiyar ƙwarya. A tamu, gudumar ta nutse a ƙarfen da ya gitta ta baya, ɓarɓashin tsatsa ya zubo mini a fuska. Wata uku muka yi muna yanka da walda kafin mu taɓa inji.

A kan bodin ne na yi kuskuren da har yau ake yi mini tsiya a gida. Na kai wutar gas kan wata tsaga a fukafukin gaba kamar yadda na saba da ƙarfe, na manta cewa alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke. Ina jiran ya sauya launi sai kawai wurin ya ɓurma. Dole na nemo wani dattijon fanabita, wanda ya dubi ramin, ya dube ni, bai ce uffan ba ya ɗauko gudumar katako.

Injin bai ba mu wahala sosai ba. Mai silinda huɗu ne na fetur, cc 2,286, da kafireto da filogi, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. Wahalar tana wajen notuna, domin yawancinsu awon inci ne. Yaro ya ɗora sifana mai lamba 13 a kan noti mai rabin inci, ta zauna kamar ta dace, amma da ya matsa sai ta sulɓe ta cinye kusurwoyin. Tun daga ranar na ware akwatin sifanun inci, na kulle shi. Kayan gyara kuma muna tsintar wasu a Panteka, wasu a Kofar Ruwa ta Kano, sauran mu yi oda daga Ingila, inda har yanzu ake ƙera su sababbi.

Yanzu kowa a gidan yana da aikinsa. Ɗana na fari ne ke daidaita birki, domin na wannan mota da hannu ake matso shi lokaci zuwa lokaci, 'yata ke riƙe da littafin da muke rubuta ranar juyen mai da giris, ƙanen mahaifinmu kuma yana zaune a benci yana gyara mana kuskure. Ranar da ta fara tashi, shi ya nuna wa yaran sandunan da ke gefen giya.

"Ku danna mai rawayan kai, ƙafa huɗu su ja. Jar kuwa sai an shiga yashi ko laka, kuma sai an tsaya cak," in ji shi.

"Baffa, to ina na'urar sanyi?" in ji 'yata.

Ya miƙa hannu ya buɗe 'yar tagar iska da ke ƙarƙashin gilashin gaba.

Ganin motar a ƙofar gareji ya jawo mini wasu iyalai uku da nasu tsofaffin motocin. Ba na yanka musu kuɗin aiki a dunƙule, domin sai an ɗaga bodi ake sanin girman ɓarna, kuma ina faɗa musu tun farko cewa tana shan mai, sitiyarinta yana da nauyi, kuma idan ta kai kilomita 80 a awa hira ta ƙare sai ihu. Sharaɗina shi ne wani daga gidan ya riƙa zuwa yana sa hannu, domin na lura motar da aka miƙa wa bakanike aka juya baya, gindin bishiya take komawa. Ribar ba ta kai ta aikin kwana biyu a kan motocin zamani ba, amma ban taɓa mayar da ko ɗaya ba.

Tamu har yanzu tana ɗigar da man giya ta ƙwallon ƙarfen da tayar gaba ta hagu ke karkata a kansa. Robar tare mai da muka yi oda ta iso ranar Laraba, ɗana kuma ya ce wannan karon shi zai kwance da kansa.