Inda na kai da hoton kusa-kusa: tsohon lensi ko sabo?

'Yan'uwa masu koyon ɗaukar hoton ƙananan abubuwa, ga inda aka kwana a maganar zaɓen lensin makro, wato lensin ɗaukar hoton kusa-kusa. Guda biyu na Canon nake ta aunawa, kowanne mai milimita 100 da f/2.8 (lambar f ita ce faɗin ƙofar haske: tana girma, ƙofar na tsukewa): tsohon mai USM (sunan motar fokas ɗinsa) da ya fito a 2000, da sabon mai alamar L (ajin manyan lensin Canon) da IS (na'urar hana rawar hannu) da ya fito a 2009. Na samu aronsu duka, na gwada su a kan ƙudaje, furanni da zaren yadi.

Duka biyun suna kaiwa 1:1, wato ƙwaron da tsawonsa milimita 10 ne zai sauka a kan sensa, wato allon da ke kama hoto a cikin kyamara, da tsawon milimita 10 cif. Babu wanda ke miƙewa idan ana saita fokas. Kaifin hoto kuwa, da na tsuke ƙofar haske zuwa f/8 da f/11 na jera hotunan a kwamfuta, ban iya cewa ga na wannan ga na wancan ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne na'urar hana rawar hannu, domin ita ce babban abin da ake biya a sabon. Shi ne lensi na farko da Canon ta sa wa tsarin Hybrid IS, wanda ke gyara karkatar kyamara da kuma gocewarta gefe ko sama da ƙasa. Daga nesa, kamfanin ya ce tana ba ka rangwamen mataki 4 na saurin shata (kowane mataki na ninka lokacin da shata za ta iya zama a buɗe ba tare da hoton ya yi rawa ba), amma a 1:1 sai ya koma mataki 2. Kuma akwai motsin da ba ta iya komai a kai: jikinka na lilo gaba da baya da kowane numfashi. A 1:1 da f/11 a kan cikakken sensa, wato babban da ake kira full frame, wurin da ke fitowa tas bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Ka ɗan shaƙi iska, fokas ya bar idon ƙuda ya koma bayansa. Haka idan iska ta kaɗa furen, IS ba ruwanta.

Ga kuma matsalar haske. Idan ka matso 1:1, kimanin mataki 2 na haske ke salwanta, f/2.8 ta zama kamar f/5.6, a tsoho ko a sabo. Hotunana sun fara kyau ne sosai da na ɗora filasha na rufe ta da farin abu mai tausasa haske. Walƙiyarta gajeriya ce ƙwarai, ita ke tsayar da motsin hannu da na ƙwaron gaba ɗaya.

Ba na so in yi wa sabon rashin adalci. Idan kana bin malam-buɗe-littafi daga ɗan nesa da hasken rana kawai, yadda hoton ke natsuwa a idonka kafin ka danna abin so ne. Yana da roba mai hana ƙura da yayyafi shiga, kuma makunninsa na taƙaita nisan da fokas ke nema matsayi uku ne, ciki har da na santimita 30 zuwa 50. Wanda zai riƙa ɗaukar fuskokin mutane da shi ma zai ji daɗinsa.

Sai dai kada a ɗauki abin da na gani a waɗannan biyun na Canon a ɗora wa kowane lensi. Lensin kamfanin Tamron mai milimita 90 na 2004 miƙewa yake yi idan ka matso, har bakinsa ya kusanci ƙwaron ya kore shi ko ya tare haske, shi kuwa na 2012 ba ya miƙewa. A can bambancin tsoho da sabo ya shafi aikin kai tsaye.

Ni dai na tsaya a kan tsohon Canon, ragowar kuɗin zan sa a filasha da sanda mai ƙafa uku. Duk mai niyyar sayen na hannu, ya haska tocila ta cikinsa ya duba fumfuna ko hazo, ya tabbatar ganyayen ƙofar haske ba su da maiƙo, sannan ya juya zoben fokas ya ji ko yana cijewa. Abin da zan shiga koya yanzu shi ne ɗaukar hotuna da yawa a fokas daban-daban a haɗe su wuri guda. Wanda ya riga ni farawa, ya taimaka mini da yadda yake matsar da kyamarar tsakanin hoto da hoto.