Kawu da agogon Saudiyya

Laraba. Ƙura tun asuba, wankin da na shanya jiya ya koma ja.

Yaya ya turo takardar jirgin Inna ta WhatsApp daga Yamai, tafiyar Umra ta tabbata. Ina cikin karanta mata a tsakar gida sai ga Kawu da carbinsa. Ya karɓi wayar, ya miƙar da hannu can nesa saboda ya bar tabarau a gida, ya ƙirga da yatsu daga lokacin tashi zuwa na sauka, ya ce awa bakwai ne daga Yamai zuwa Jidda.

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, biyar ne da 'yan mintoci. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, kuma da nasu aka rubuta lokacin saukar."

"Ke 'yar lakkwal, awa ai awa ce ko a ina."

Na bi shi a hankali. In ƙarfe 12 na rana ta yi a nan Tawa, a Makka 2 ta buga. Tsakanin Yamai da Jidda wajen kilomita 4,000 ne, jirgi kuma yana cin sama da 800 a awa guda, to a raba a gani. Ya ce shi da ya je ya dawo ba za a koya masa ba: zuwa bakwai suka yi, dawowa uku. Na ce to ga amsar nan a bakinku, biyun da aka ƙara a zuwa su aka cire a dawowa. Wai a'a, dawowa gangara ce. Na yi dariya har Inna ta harare ni.

Ita ba wannan ya dame ta ba. Ta tambayi tsawon hanyarmu zuwa Yamai, na ce kusan kilomita 550, ta Konni da Dogondutsi da Doso, a shiga motar kar da asuba a sauka rana ta karkata. Ta ce, "Ashe Yamai ta fi Makka nisa."

Sai ta ɗauko zancen mahaifinta, abin da ba ta cika yi ba. Da ƙafa ya fita, tana goye. Ta Cadi suka bi, suka shiga Sudan, inda irinsu ke tsayawa ƙwadago a gonakin auduga har kuɗin jirgin ruwa na ƙetare Bahar Maliya ya taru. Wasu shekaru suke yi kafin su ga Ka'aba, wasu can suka yi aure suka zauna. Shi sau ɗaya aka kawo saƙonsa, daga nan shiru. Ta ce, "Kenan ta kansa zan wuce ina zaune a kujera, ana miƙo mini lemo."

Kawu bai ƙara musu ba, ya ɗauki takalmansa. Ni kuma haushin dariyar nan nake ji har yanzu, tuwon dare ma kaɗan na taɓa.

Gobe allurar sanƙarau, sai kasuwa: silifa da ƙaramar buta.