Sunan mota ba awo ba ne

Ina cikin shekarata ta uku da fara koyon kanikanci a wani gareji da ke Kurmin Mashi a Kaduna, wani saurayi ya shigo da farar Golf 2. Ya buɗe but ya ciro kwali, a ciki sitiyari ne sabo fil, ɗan ƙarami mai ƙafa uku, an naɗe shi da baƙar fata an bi ta da jan zare. An rubuta Momo a tsakiyarsa. Ko na gaske ne ko jabu, maigidana ya juya shi sau biyu a hannu bai ce uffan ba. Yayansa ne ya aiko masa da shi daga Legas, kuma so yake a ɗaura kafin Asabar, domin motar za ta shiga ayarin ɗaukar amaryar abokinsa. Ranar kuwa Talata ce.

Maigida ya ce, "Samari, ina mazauninsa?"

Saurayin ya yi sororo. Ni ma da nake gefe riƙe da sifana ban san me ake nufi ba, sai dai na gyaɗa kai kamar na sani, halin ɗan koyo.

Sitiyarin da mota ke fitowa da shi daga kamfani da gindinsa yake zuwa, an yi shi daidai da sandar da yake juyawa. Na kasuwa kuwa zobe ne kawai da faifai mai huji shida a tsakiya, ba shi da inda zai kama sandar. Dole a sa wani dunƙulen ƙarfe tsakaninsu, wanda masu sayar da kayan gyara ke kira bos kit, mu kuma a garejinmu mazauni muke ce masa. Fuska biyu gare shi. Ta ƙasa tana shiga kan sandar mota, ta sama tana karɓar sitiyari. Idan an gama aiki ba wanda zai ƙara ganinsa, yana ɓoye a bayan fatar nan mai jan zare, amma duk juyin da direba zai yi ta cikinsa yake bi kafin ya kai ga taya.

Maigida ya ba ni kuɗi ya ce in tafi Oriyapata, kasuwar kayan gyaran mota, in nemo. Kafin in fita ya ƙara da cewa, "Ka kwance tsohon ka tafi da shi." Na ji shi sarai. Amma na duba rana, na duba girman tsohon sitiyarin, na tuna yadda zan rungume shi a Keke Napep mutane suna kallona, sai na ce a raina ai sunan motar ya isa.

Na sha yawo kafin in samu, don ba kaya ba ne da ake nema kullum kamar birki ko fulogi. A shago na shida ko na bakwai wani ɗan kasuwa ya hau tsani ya sauko da ƙaramin kwali mai ƙura. Ya tambaye ni da Hausarsa mai kyau, "Abokina, ta wace shekara ce?" Na ce masa Golf 2 ai Golf 2 ce. Ya ɗaga kafaɗa, ya karɓi kuɗi, ya ce in an ɓata kwali ko an ƙwarzane kaya ba ya karɓa. Mutumin nan ya yi mini tambayar da ta dace, ni na ture ta da baki.

Da na dawo, maigida ya tafi sallar La'asar, sai na ce bari in burge shi. Na cire murfin hon, na sa soket mai lamba 24 na kwance babban notin tsakiya, na zare shi gaba ɗaya na ajiye a kan kujera. Sitiyarin ya ƙi fita. Shekara da shekaru yana zaune a wurin, ya kama kam. Na dafe ƙafa a ƙasa, na riƙe shi dama da hagu ina girgizawa ina ja. Ban ankara ba ya saki lokaci ɗaya, ya zo ya daki leɓena na sama. Na ɗanɗani jini, na ga taurari da rana tsaka. Daga baya ne maigida ya nuna mini cewa ba a cire notin duka. Ana sassauta shi ne a bar shi a bakin zare, in sitiyarin ya saki sai notin ya tare shi. Har yau akwai ɗan tabo a wurin, gashin baki ne ya rufa mini asiri.

Da leɓe a kumbure na ɗauko sabon mazaunin na kai shi kan sanda. Ko kusa. Hujinsa ƙarami, kan sandar kuwa kauri gare shi, ko baki bai shiga ba.

Maigida ya dawo ya tarar da ni ina jujjuya shi. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki tsohon sitiyarin ya kifa a kan benci, ya ajiye sabon mazaunin kusa da shi, ya ce, "Duba." A cikin hujin kowannensu akwai ƙananan haƙora a jere, su ne suke cizon haƙoran da ke kan sanda. Na tsohon faɗi gare shi, na sabon ɗan tsuke. Ya ce Volkswagen sun ƙera Golf 2 daga 1983 zuwa 1992, kuma wajen ƙarshen shekarun 1980 suka sauya kan sandar, suka ƙara mata wani zoben ƙarfe mai haƙora da ya sa ta yi kauri. Saboda haka mota biyu za su tsaya gefe da gefe, suna ɗaya, fitila ɗaya, amma mazauninsu daban. Tamu ta baya-bayan ce, ni kuma na sayo na ta farko. Ya ƙara da cewa ko shekarar da ke takarda ba abin dogaro ba ce a nan, don motar da ta yi shekaru a hannun kanikawan ƙasar nan, wa ya san ko an taɓa sauya mata sandar gaba ɗaya da ta wata? Abin da ke gabanka shi za ka auna.

Shi mutum ne da ya taso a kan Peugeot 504, tun zamanin da kamfanin da ke Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya cika titunan Kaduna da su. Yakan ce a lokacin in ka san mota ɗaya ka san rabin motocin gari. Da 'yan Kwatano suka shigo, kowace da ƙasar da aka yi wa ita da shekararta, sai haddar kai ta daina isa.

Washegari saurayin ya zo da abokinsa, suka tarar ba a gama ba. Abokin, wanda daga gani ya saba da bakin gareji, ya kawo shawara. Ya ce a kai Panteka mana, a yanke gindin tsohon sitiyarin, a yi masa walda da faifai, a huda huji shida, kafin Azahar an gama. Ni har na ji shawarar ta kwanta mini, don za ta fitar da ni kunya. Kuma ba raina Panteka nake ba, wanda ya san Kaduna ya san akwai hannaye a wurin da in ka kwatanta musu abu da baki za su fitar maka da shi a ƙarfe. Maigida ya ce a'a. Ya ce walda tana iya yin kyau a ido ta tsage daga ciki, kuma in salansa ta tsage ƙara za ka ji, in wannan ya tsage a hanyar Zariya kana kan gudu, sitiyari zai zauna a hannunka mota ta tafi inda ta ga dama. Haka ya ƙi shawarar a buga wani da guduma ya shiga, ko a cusa gwangwani in ya yi lako-lako. Haƙoran nan in ba su ciji juna daidai ba, a hankali suke cinye kansu, musamman in mazaunin na alminiyam ne na zubi, wanda ya fi sandar taushi. Bayan haƙoran kuma akwai wani ɗan gangare a kan sandar inda mazaunin ke zama ya matse idan an ɗaure noti. Haƙora suna iya dacewa gangaren ya ƙi, sai ka ga an ɗaure tamau amma yana rawa.

A ranar ne kuma ya sa ni na duba ɗaya fuskar, wadda ban ma yi tunaninta ba. Ya miƙo mini ƙaramin ma'auni ya ce in auna daga tsakiyar huji ɗaya na sabon sitiyarin zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Milimita 70. Ya ce wannan shi ne tsarin Momo, kuma Sparco da OMP ma shi suke bi. Nardi kuwa, su ma 'yan Italiya ne kamar Momo, nasu huji shida ne amma milimita 74, kuma a karkace yake, babu huji a saman tsakiya. Bambancin milimita 4, ido ba ya kama shi a kasuwa. Sai ka zo ɗauri, kusa ɗaya ta shiga, sauran su ƙi. Shi ya sa wasu mazaunan ke zuwa da huji 12, don su karɓi kowanne. Da a ce na dace da ƙasan na kuskure saman, da wata tafiyar ce.

Na koma Oriyapata rungume da tsohon sitiyari, sabon kuma a jaka. Mai Keke ya dube ni ya ce, "Malam, ina ka baro sauran motar?" Fasinjoji suka kwashe da dariya. Mai shagon ya duba kayansa ya ga ban ƙwarzane ba, ya karɓa, amma ba shi da babban. Ya buga waya Legas, aka ce akwai a Ladipo, za a ba motar dare. Cikon kuɗin da na mota daga aljihuna suka fita, maigida bai ce in biya ba, bai kuma hana ni ba.

Ranar Juma'a da safe ya iso. Na ɗauka yanzu sai ɗauri kawai, ashe da saura. Maigida ya sa na miƙar da tayoyin gaba sak kafin komai, sannan ya nuna mini alamar sama da ke jikin mazaunin. In ka goce da haƙori ɗaya, mota za ta miƙe a titi sitiyari yana kallon gefe. A bayan mazaunin akwai zoben tagulla da wani ɗan harshe daga jikin mota ke gogawa, ta nan wutar hon ke bi. Akwai kuma ɗan ƙarfen da ke ture sandar sigina ta koma bayan an gama kwana. Wannan shi ake yawan mantawa. Duk motar da ka gani a Ahmadu Bello Way tana tafe sigina na ta ƙyaftawa tun daga shataletalen baya, ko direban ya sha'afa ne, ko kuma wani irina ne ya taɓa masa sitiyari. Muka gwada hon, muka gwada sigina dama da hagu, muka juya har ƙarshe kowane gefe muna saurare ko wani abu na gogawa. Sannan ya sa ni na zauna na miƙa yatsu, ya ga ko suna kaiwa ga sandar sigina ba tare da na saki sitiyari ba, domin mazauni mai tsawo da sitiyari mai zurfi sukan matso da shi kusa da ƙirji su nisanta shi da sandunan.

Wannan duk a tsohuwar mota ne marar jakar iska, wato jakar nan da ke kumbura ta tare direba in an yi haɗari. Yanzu da nake da rumfata, yawancin masu kawo mini irin wannan aiki da Corolla ko Accord ko 406 suke zuwa, kuma jakar iskar direba a cikin sitiyarin take. Cire shi cire ta ne. A bayansa akwai wata siririyar waya a naɗe kamar tef, ita ke kai wuta ga jakar da hon da maɓallan rediyo, in aka juya ta fiye da ƙima sai ta tsinke. Ko taɓa wurin ba a yi sai an cire kan batir an jira wasu mintoci. Akwai ɗan abin da ake maƙalawa a wayar don fitilar gargaɗi ta mutu a dashbod, wasu mazaunan ma da shi suke zuwa a kwali. Fitilar kawai yake kashewa, jakar ta riga ta tafi. Irin wannan aikin ba na karɓa. Nakan ce, "Ƙanena, in fatar ce ta goge, kawo a naɗe maka sabuwa a kan naka." Wasu su yarda, wasu su tafi rumfar gaba, kuma na san ana yi musu a can.

Saurayin mai Golf ya zo bayan sallar Juma'a. Ya zauna, ya shafa fatar, ya danna hon sau uku, bakinsa har kunne. Maigida ya ɗauki tsohon sitiyarin ya sa masa a but da murfinsa na hon a leda, ya ce, "Kada ka yar, kada ka sayar." Ya gaya masa motarsa ba ta da fawa, wato na'urar da ke sauƙaƙa juya sitiyari, kuma sabon bai wuce milimita 330 ba, alhali tsohon ya kusa 380, don haka duk ƙarfin da faɗin tsohon ke rage masa yanzu damtsensa ne zai biya. Saurayin ya ce, "Ba komai, Baba, ai da sauran ƙarfinmu."

Aka yi biki, aka kai amarya. Bayan kamar wata huɗu, ina kwance ƙarƙashin wata bas sai na ga farar Golf ta shigo, tana ta fama ta gyara tsayuwa tsakanin motoci biyu, gaba, baya, gaba. Ya fito yana yarfe hannu, ya gaida maigida, ya buɗe but. Ya ce mahaifinsa ya ari motar zuwa Kasuwar Barci, ya dawo ya rantse ba zai ƙara shigarta ba sai an mayar da na da. Maigida ya leƙo ƙarƙashin bas ɗin ya ce, "Kai, fito ka ɗauko lamba 24. Ka bar notin a baki."