Ƙafata ta riga ni sani

Wata 2 kenan ina fita gudu bayan sallar Asuba, daga Ƙofar Ƙaura har wajen filin wasa na Karkanda a nan Katsina, ni da ban taɓa motsa jiki ba. Satin farko ko ɗan dutse na taka sai in yi tangal-tangal, yau kuwa na zurma ƙafa a rami cikin duhu, wallahi idon sawun ya cafke kanshi tun kafin in san mi ya faru. Ashe saƙon ba ya jiran ƙwaƙwalwa, daga tsoka yake zuwa lakar baya ya dawo nan take, irin dai yadda likita ke buga gwiwa da 'yar guduma ƙafa ta harba. Ita lakar ma tana sabawa da atisaye, abin nan ya burge ni sosai. Gobe in Allah ya kai mu da Yaya za mu fita.