Gudun fanfalaki a Ikko: abin da hunturun Kano bai koya mini ba

Duk atisayena a Kano na yi shi, cikin hunturu. Ana idar da sallar asuba sai in ɗauki titin BUK in miƙe hanyar Gwarzo, ranar Lahadi kuma dogon gudu, kilomita 25 zuwa 30, wani lokaci in hau Goron Dutse don ƙafa ta san tudu. Masu shayi har sun gaji da tambayata, “Malam, wa ya biyo ka?” A irin wannan yanayi gumi ba ya zama a jiki, iska ke shanye shi tun bai sauko ba, sai mutum ya riƙa jin kansa gwani. Da wannan jin kai na hau luksuriyos a Sabon Gari zuwa gasar gudun fanfalaki ta Legas, wadda aka fara a 2016, yawanci a watan Fabrairu ake yin ta.

Hanya ba ta da labari sai bayan Lokoja, inda wani mai kaki ya tsayar da mu tsakar dare, ya zazzage jakata a kan kwalta. Ya ɗaga 'yan ledojin zumar ƙara kuzari da masu gudu ke tsotsa, yana juya su kamar ya kama ƙwaya. Na ce, “Yallaɓai, na tsere ne.” Ya haska mini tocila a ido, ya tambaya da turancin buroka wai yaushe 'yan Arewa suka fara gudu babu shanu a gabansu. Ya tafi ya bar ni ina tsintar safa a ƙasa. Ko sannu.

Wanda ya wanke mini wannan takaici shi ne wani dattijo abokin mahaifina a Idi-Araba, unguwar da in ka rufe ido ka saurari hira za ka rantse a Fagge kake. Na ambaci otal, ya ɓata rai. “Ɗana, ina raye a garin nan ka kwana a ɗakin haya?” Daren tsere aka cika mini tire da soyayyen nama da farfesu, ni kuwa farar shinkafa kawai nake so, don ciki mai maiƙo ba ya gudu. Da ƙyar ya yarda. Ya ce nawa za a ba ni in na gama. Na ce, “Baba, kuɗin na mutanen Kenya da Habasha ne.” Ya yi shiru, ya ce, “To wahalar ta mece ce?” Duk da haka shi ya tashe ni, ya cusa mini dabino a aljihu, ya haɗa ni da ɗansa ya raka ni har Surulere.

Kafin nan, bayan na karɓi riga da lambar ƙirji a filin wasa na Teslim Balogun, na leƙa 'yan gwanjon Yaba. Ciniki a can kokawa ne. Ba sallama, ba “ina gajiya”, hannunka kawai za a ja. Wani ya yanka mini kuɗin takalmin gudu da ya sa na yi dariya, na taya kashi ɗaya cikin uku, ya zage ni, na juya, ya biyo ni da takalmin a leda. A Ƙofar Wambai da an ba ni benci an tambayi mutanen gida, amma gaskiya da ban same shi a wannan farashi ba. Ban dai sa shi ranar tsere ba; mai hankali ba ya shiga kilomita 42 da takalmin da ƙafarsa ba ta sani ba.

An tashi daga gaban babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere gari bai gama wayewa ba. Dubban mutane, kiɗa, wasu da kayan ban dariya, wasu takalmin ƙwallo ne a ƙafarsu. Ni dogon wando mai kama jiki na sa a ƙarƙashin gajere don rufe gwiwa, kuma tun kafin mu bar Ojuelegba ya jiƙe sharkaf. Nan na gane bambancin. Iskar Legas cike take da laima, gumin ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, zuciya sai ƙara bugu take yi a saurin da a gida ko haki ba na yi. Kafin unguwar Anthony na rage gudu, na ƙudura ba zan wuce teburin ruwa ko ɗaya ba.

Sai gadar Third Mainland. Kilomita 11.8 a kan ruwa, wadda aka buɗe a 1990 zamanin Babangida, ranar nan babu mota ko ɗaya a kanta. Ba inuwa, ba 'yan kallo, ba kiɗa, sai ƙarar takalma da rana tana ɗagowa. A ƙasa ga Makoko, gidajen katako a kan turaku cikin ruwa, hayaƙin banda kifi yana tashi, yara a kwalekwale suna ɗago mana hannu. Ɗan Kano da babban ruwansa Tiga ne dole ya saki baki. A nan masu takalmin ƙwallo suka fara zama a gefe. A nan kuma na haɗu da wani ɗan Filato, ya ji ina salati ya ce, “Yaya, rage taku, akwai sauran aiki.” Ba banza ba 'yan Nijeriya da ke fara isowa a wannan gasa yawanci mutanensu ne: a tsaunukan Jos da Pankshin suke atisaye, inda iska ba ta da kauri, huhu ya saba da wuya. Mun jera har Ikoyi, sannan ya bar ni kamar ina tsaye.

Manyan kuwa ko ƙurarsu ban gani ba. Awa 2 da minti goma sha wani abu suke gamawa. Abraham Kiptum na Kenya ne ya ci gasar farko, ta 2016. Lokacin da suke shan ruwa a inuwa ni ina tsakiyar gada.

Bayan kilomita 30, wajen Lekki, ƙafa ta ƙi. Tafiya, gudu, tafiya. Dabinon Baba ya yi rana. Wata mata da ba ta san ni ba ta zuba mini ruwan leda mai sanyi a ka tana ihu da Yarbanci. Mutanen nan ba su iya gaisuwa ba, amma sun iya ƙarfafa gwiwa. Na bi titin Ahmadu Bello na shiga Eko Atlantic, ƙasar da aka cike a inda tekun Bar Beach yake a da, agogo ya haura awa biyar.

Tsiren da na saya da yamma a Legas, kuɗin tsinke biyu zai ciyar da mutum uku a Kano, kuma mai tukubar ɗan Katsina ne, ko ragi bai yi mini ba. Washegari Baba ya hana ni biyan ko kuɗin mota zuwa tasha. Dawowa barci na yi har Kaduna. Baɗi in Allah ya kai mu, dogon guduna da hantsi zan riƙa yin sa, kuma tun cikin damina zan fara.